Layin Dada a Littafin Ƙidaya

Ranar Talata da hantsi Dada ta cika. Kakata ce, uwar babana. Kafin a gama yi mata wanka na ƙirga sitatus goma sha ɗaya ɗauke da hotonta, kuma cikin masu ɗorawar har da waɗanda in sun zo gidanmu a Yelwa ba sa ko leƙa ɗakinta, wai warin man zafi yana sa su ciwon kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni dai yau nake faɗarsa da hankalina a jikina. Ranar kam kwafowa ake ta yi ana liƙawa, da imojin kuka uku-uku a wutsiya.

Kafin azahar gida ya cika ya batse. Wata matar ɗan'uwan babana ta shigo da kururuwa tun daga bakin get, ta zube a tabarma, aka rirriƙe ta, aka yayyafa mata ruwa. Ba a yi minti biyar ba na ji tana tambayar mamata ƙasa-ƙasa, wai shinkafar sadakar uku da kaji za a yi ko da naman sa. Wata kuma da kular zuba abinci ta zo, babu komai a ciki. Kula fa, zuwa gaisuwar mutuwa. Har wata 'yar ajinmu da ba ta taɓa ganin Dada ba, na gan ta ta karkata gyale ta ɗauki selfi, ƙofar ɗakin a bayanta.

Waɗanda suka yi kukan gaske ba su yi ƙara ba. 'Yan garuwan layinmu sun jera kurarsu a jikin katanga, ranar ba su sayar da ruwa ba, suka bi gawa har maƙabarta da silifas ɗinsu masu laka. Sai Mama Tela, maƙwabciyarmu 'yar Michika. Ta zauna a bakin ƙofar Dada. Abin da kawai ta yi, ta ɗauki takalman Dada ta kakkaɓe, ta jera su suna kallon waje, kamar mai su za ta fito.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Baffa ne ya zauna ƙarƙashin kanofi yana karɓar gaisuwa. Ɗan ƙanin Dada ne, shi ne shugaban ƙungiyar cigaban unguwa, kuma ko akuyar layinmu ta san kujerar kansila yake hari. Har da mai ɗaukar hotonsa ya taho. Ina zaure ina miƙa ledojin fiya wata, na ji wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan 'yar Mai Rijiya."

"Amin, amin," in ji Baffa. "Ko da yake riƙonta aka yi a gidan, ba haihuwa ba. Amma mu mun ɗauke ta tamkar jini. Takarda ma ta fito, ta nuna."

Matar nan ba ta yi awa biyu a ƙasa ba. Na ajiye ledar na koma ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai, takardar da yake magana a kai ni na kawo ta.

In kai ba ɗan Mubi ba ne, ba lallai ka san Mai Rijiya ba. Ba sarki ba ne, ba malami ba. Mutum ne da ya zo da diga da igiya tun zamanin Turawa, ya haƙa rijiyoyin da suka sa mata suka daina tafiya har mayo, wato rafi, ɗiban ruwa. Tsofaffi sun ce ɗanɗana ƙasa yake yi a harshe, ya tofar, ya ce a haƙa nan. Rijiyarsa ta farko tana nan a bayan layinmu. Kowa a danginmu da shi yake burga. Dada ce 'yar farinsa, ƙannenta maza uku duk sun riga ta tafiya.

To a gidajenmu na da, mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Kunya ce. Ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Ana yaye Dada aka kai ta Vimtim wurin kakarta, ba a dawo da ita ba sai da ta yi wayo. Maƙwabta suka wayi gari suka ga yarinya ta zo daga ƙauye da ƙullin kaya a ka, maigida kuma ko inda take ba ya kallo. Daga nan gulma ta tashi, wai tsinto ta aka yi. Gulmar ta tsufa tare da Dada, amma ba wanda ya taɓa iya faɗa a gabanta.

Ina ganin shi ya sa ta tsani a bar mutum babu suna. Babana ɗan farinta ne, amma gatsau take kiran sunansa, daga ɗakinta har bakin titi ana ji. Tsofaffin mata suka yi ta cewa ba ta da kunya. Amsarta ɗaya ce: "Na haife shi ne don in ɓoye shi?" Duk ɗan garuwan da ya shigo gidanmu sai ta san sunansa da na garinsu, in ya ɓace shekara guda ya dawo, da shi za ta tarbe shi. In an zo rabon abinci ba ta yarda a ce kwano goma. Sai an jero mutum-mutum. Ni kullum nakan manta kaina, sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ke fa? Aljana ce ke?"

Ƙidayar ƙarshe da aka yi ina ƙarama sosai, amma akwai abin da ya zauna mini a kai. Wasu a layinmu ɓuya suka yi, wasu suka ƙara 'ya'yan ƙarya. Dada kuwa tun safe ta yi wanka, ta ɗaura zaninta na Salla, ta sa kujera 'yar tsuguno a ƙofar gida tana jira. Da masu ƙidaya suka iso ta faɗi sunanta da na ubanta, ta sa aka karanta mata abin da aka rubuta, sau biyu. Aka shafa mata tawada a babban yatsa. Mamata ta ce in ban da alwala, Dada ba ta bari ruwa ko sabulu ya taɓa yatsan nan ba har tawadar ta tafi da kanta. Mu dariya muke yi mata.

Lokacin gudu, da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka bar gari da ƙafa, mu da su Mama Tela tare muka fita. Duk inda aka tsaya shan ruwa sai Dada ta jero yara da suna, kowa ya amsa. Mun haye wani mayo da rana tsaka, ta jero, ta zo kan autar Mama Tela, shiru. Maza suka ce a ci gaba, wataƙila tana gaba tare da wasu. Dada ta nemi dutse ta zauna.

"Ku je. Ni ban ji ta amsa ba."

Dole babana ya koma. Ya tarar da yarinyar a gindin bishiya can ƙetare, barci ya ɗauke ta. Yau 'yar sakandare ce, ta fi ni tsawo.

Faɗanta da Baffa a kan rijiya ne. Da bohol ya shigo unguwa, rijiyar farko ta koma bola. Ban san yadda zan kwatanta muku ba tare da na ɓata muku abinci ba. Ledoji, famfas ɗin yara, gashin kaji, sau ɗaya har matacciyar kyanwa ta kumbura a ciki. Baffa ya buɗe wurin wankin mota a gefenta, aka jawo kwata aka saita ta kai tsaye cikin rijiyar, baƙin mai da kumfa. Dada ta aika masa sau uku. Ya ce a gaya wa tsohuwa rami ne kawai. Washegari da safe ta sa aka zura bokiti aka ciko shi da abin da ke ciki, ta ɗauka da kanta, tana dogara sanda, har ƙofar zaurensa. Lokacin yana karyawa da baƙi. Ta juye masa a kan dakali.

"Ga ruwan kakanka," ta ce. "Ku dafa shayi da shi."

Shekara shida bai gaishe ta ba. Sai bana da siyasa ta matso, ya tuna shi jikan Mai Rijiya ne. Ƙungiyarsa ta ce za ta yashe rijiyar, ta yi mata murfi da dakalin siminti, a rubuta sunan Mai Rijiya da na 'ya'yansa a jiki.

Ni kuma ina shekarar ƙarshe a sashen tarihi, furojet ɗina a kan Mai Rijiya ne. Sufabaizana ya ce shi ba ya son "an ce, an ce", takarda yake so. Shi ya tura ni Nassarawo wurin wani tsohon hedimasta da ake kira Baba Tica. Mahaifinsa ne malamin da ya riƙa bi gida-gida yana ƙidayar mutane a yankin nan tun zamanin Turawa, kuma kwafin da ya yi da hannunsa suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ana buɗe akwatin zarnin fitsarin ɓera ya buge ni, kyankyasai suka watse har kan ƙafata. Na toshe hanci da gyale. Amma da na fara buɗe shafi, wallahi na manta da wari.

Littafi uku ne, na ƙidaya uku. A na farko na same shi a Vimtim, a gidan wani, an rubuta baƙo, sana'a haƙar rijiya, babu mata. A na biyu yana Yelwa, shi ne maigida, ga matarsa, ga 'ya'ya. A na uku an rubuta tsoho, makaho. A gari labarin da ake yaɗawa shi ne rijiya ce ta rufta da shi da ƙarfinsa. Dada kullum tana cewa ƙarya ne, a ɗakinsa ya mutu, ita ke zuwa daga gidan mijinta tana ba shi kunu, amma ba mai saurarenta. Ga shi takarda ta bi bayanta.

Murna kamar ta kashe ni. Na ce yau furojet ya haɗu, duk ajinmu ba mai kamo ni. Na kama ƙyasta hoto. Littafin faffaɗa ne, sunaye a hagu, a dama kuma wasu ƙananan gidaje da alamomi. Tawadar ta dushe, sai na matso da waya kan sunayen kawai don su fito raɗau. Baba Tica ya ce in zauna ya nuna mini yadda ake karanta shi. Na ce, "Baba, cajina saura kaɗan, zan dawo."

Ina cikin keke, ko Yelwa ban kai ba, na watsa hoton littafi na biyu a guruf ɗin dangi. Na rubuta, "Jama'a na haƙo Mai Rijiya da kansa, a tafa mini," da imojin wuta guda biyar. Ban ma tsaya na karanta shafin da kyau ba.

Suna biyar ne a hoton. Shi, matarsa, maza uku. Babu Dada.

Kafin in sauka daga keke Baffa ya turo murya a guruf. "Alhamdu lillahi, boko ya yi rana. Ga 'ya'yan marigayi nan su uku a rubuce, ba wanda ya ƙara, ba wanda ya rage. Su za a sa a jikin rijiya." Babana ya kira ni, abin da ya faɗa mini ba zai rubutu ba. Na goge hoton, amma an riga an yi sikirinshot. Wata gwaggo, ba zan faɗi wace ce ba amma ta san kanta, ta yi takanas ta zo gidanmu ta kunna wa Dada muryar Baffa a kunne, wai don kar ta ji a waje.

Bayan la'asar Dada ta aika a kira ni.

"Kawo abin naki." Ba ta iya karatun boko ba, amma ta riƙe wayar kusa da ido ta daɗe tana kallo. "Karanta."

Na karanta.

"Daga innata sai wa?"

Na faɗi sunan babban ƙaninta.

"A'a. Ranar ina nan. Ina tsaye a bayan randa, na ɗebo ruwa. Malamin ya nuna ni da alƙalami ya ce, wannan fa? Baba ya sunkuyar da kai ya ce, ita ma ta nan ce. Da idona na ga malamin ya duƙa ya yi rubutu."

"Dada, to ai babu."

"Akwai. Ke ce mai sauri." Ta miƙo mini wayar. "Har ya mutu ban ji sunana a bakinsa ba. Amma duk rijiyar da ya haƙa, ruwan farko a ƙwarya yake zubawa ya ce a kai wa ta cikin gida. Innata ba ta taɓa sha ba, ta san ba ita ake nufi ba. Koma ki duba."

Na ce ina gama jarrabawa zan koma. Na gama. Sai ga sayin-awut na gama makaranta, muka sa fararen riguna muka zazzane juna da maka, muka yi hotuna har waya ta cika. Sai ga bikin ƙawata. Nassarawo fa, keke ɗaya ne zai kai ni. Kullum in na shiga gaishe ta sai ta dube ni, amma ba ta sake tambaya ba. Sati uku a haka, Talatar nan ta zo.

In kun ga ina ta caccakar masu kula da masu selfi, kada ku ɗauka na cire kaina. Su ba ta aike su ko'ina ba.

Washegarin sadakar bakwai na koma. Baba Tica yana baranda yana ɓarar gyaɗa. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Yau cajin ya cika?"

Na kashe wayar a gabansa na jefa a jaka.

Hausarsa irin ta tsofaffin kan dutse ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya buɗe shafin, ya ɗora rula a ƙarƙashin sunan matar, ya sauko da ita kaɗan. Tsakanin sunan matar da na babban ɗa namiji akwai layi guda da ba a rubuta komai ba. Na gan shi tun ranar farko, na ɗauka tazara ce kawai.

"Bi rula zuwa dama," ya ce.

Na bi. A gidan da aka rubuta mace akwai alama. A gidan yara akwai alama. A ƙasan shafin, inda malamin ya haɗa mutanen gidan, ya rubuta shida.

"Babana yana jin haushin mutanenku a kan wannan," in ji Baba Tica. "Zai shiga gida, ya ga yaro tsaye, ya ce mene ne sunansa. Maigida ya kama kallon akuya. Uwa ma ya rufe fuska. Babana ba zai rubuta sunan ƙarya ba, kuma ba zai tsallake mutum ba. Sai ya bar masa layinsa. Duba inda ya bar shi. Ba a ƙasa ba, inda ake sa baƙi da barori. A sama, bayan uwa, wurin ɗan fari."

Ya yi ta buɗe shafuka. Duk gidan mutanenmu da muka zo, layin nan fari yana nan, a daidai wuri ɗaya. In an zo gidajen 'yan kan dutse, babu shi.

Ban san lokacin da na miƙe na kama tsalle a barandar bawan Allah ba, gyaɗarsa ta watse. Ina tsalle ina dariya, ina cewa tana nan, tana nan. Sai na tuna wadda zan ruga in gaya wa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Baba Tica ya bar ni na gama, sannan ya ce in tsince masa gyaɗarsa.

Yatsana har ƙaiƙayi yake, amma wannan karon ban yi fostin ba. Baba Tica ya ɗauko littafin da kansa ya raka ni shagon fotokwafi, aka ɗauki shafin gaba ɗaya, hagu da dama. Bayan babana, mutum ɗaya na nuna wa: Adda, 'yar farin Baffa. Nas ce, ta haura arba'in, da 'ya'yanta manya. Ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta ce, "Ranar zan zo."

An haɗa buɗe rijiyar da sadakar arba'in, wai Baffa ya ce taro ɗaya ya fi albarka. Ni na san taron da mutuwa ta riga ta tara masa yake so. An yashe rijiyar, abin da aka kwaso an jibge shi a bayan katanga ƙudaje na bi, an rufa masa tsohon buhu don kar ya fito a hoto. Magini ya shafe dakalin da ɗanyen siminti, ya rubuta sunan Mai Rijiya a sama da ƙusa, ya ja layi uku a ƙarƙashi. A hannunsa ga takardar Baffa mai suna uku.

Na je na durƙusa a gaban dattawa.

"Baffa, a yi haƙuri, akwai gyara a takardar da na kawo. Kuskurena ne."

Na miƙa wa liman, na nuna masa layin, da alamomin, da shidan. Baffa ko kallon takardar bai yi ba.

"Ke yarinya, layin da babu suna ai ba mutum ba ne. Wa ya sani ko 'yar aiki ce? Uban da ya haifi 'ya, hukuma ta zo har gida ta tambaye shi, ai zai faɗi sunanta."

Sai ga Adda ta fito daga cikin mata. Ta gyara mayafi, ta zo gabansa ta russuna.

"Baba, ga ni. Faɗa wa magini sunana."

Baffa ya gyara hula. Ya dubi rijiya, ya dubi takalminsa.

"Ke, wannan, koma cikin mata."

"Sunana kawai, Baba. Ko a hankali ne."

"Na ce ki koma."

"To ni ma riƙona kake yi ke nan."

Wani tsoho a baya ya fara dariya har da tari. Liman ya naɗe takardar ya ce, "Alhaji, ni ma ɗan farin nawa ban taɓa kiransa ba, kuma ba tsinto shi na yi ba. A rubuta ta." Mai hoto yana ta ƙyastawa, sai da Baffa ya daka masa tsawa.

Magini ya ce to, sunan fa? Ya dubi babana. Babana, wanda ya sha kira da sunansa har bakin titi, ya sunkuyar da kai. Ba zai iya furta sunan uwarsa a cikin taro ba. Magini ya dubi mata. Tsofaffi suka rufe baki da gyale. Sauran kuwa, masu kula, masu sitatus, waɗanda suka ci shinkafarta tun ranar uku, na kalli fuskokinsu na gane nasu ba kunya ba ce. Ba su sani ba. Dada kawai suka sani.

"Siminti yana shan iska fa," in ji magini.

Sai na faɗa. Da ƙarfi, yadda take kiran babana, da sunan ubanta a haɗe. Daga can baya na ji Mama Tela ta maimaita shi.

Baffa ya ce to a sa a ƙasa, tunda an riga an ja layi uku. Magini ya dubi liman, ya sa cokalin gini ya shafe layukan, ya ja huɗu. Ya miƙo mini ƙusar ya ce, "Ke kika san rubutunsa." Harafin farko ya karkace, kuma haka zai zauna. Na rubuta ta a sama, ƙarƙashin sunan ubanta, kafin mazan.

Da aka jawo gugan farko Baffa ya miƙa hannu don hoto. Na riga shi, na ɗiba a kofi na kai wa Adda. Ta kurɓa, ta yatsine fuska, ta ce har yanzu yana warin baƙin mai. Amma ta shanye.

Kada ku ɗauka an shiryu. Kafin magariba Baffa ya ɗora hoton dakalin a guruf, ya rubuta wai shi ya tsaya kai da fata sai da aka sa sunan gwaggonsa. Masu imojin kuka suka koma imojin tafi. Gwaggon nan da ta kunna wa Dada murya a kunne ita ce ta farkon rubuta masha Allah. Kwana biyu bayan nan na leƙa ta ƙofar murfin, na ga ledar fiya wata tana yawo a kan ruwa. Na nemo guga na fitar da ita. Jiya ma na fitar da biyu.

Furojet na miƙa shi. Sufabaiza ya ce shafin sadaukarwa ya yi tsawo, na ce don Allah a bar shi haka. Simintin da ya bushe a babban yatsana ranar, in ban da alwala ban sa masa ruwa ko sabulu ba, sai da ya ɓanɓare da kansa.

Dada, na koma na duba. Kina nan, yadda kika faɗa. Ni ce na makara.

Allah ya yalwata miki kabari, ya yafe miki, ya yafe mini nawa. Ranar da za a tara kowa da kowa, Allah ya sa a kira ki da sunanki cikin waɗanda ya yarda da su, ki amsa.